Tazarar Haihuwa ga Matasa: Tambayoyin da Ake Ta Yi a Layin Awo da Majalisa

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin amare da ƙananan matan aure a layin awo, da angwaye a majalisa, da iyaye matan da hankalinsu ya tashi ganin 'yarsu da goyo ga kuma ciki. An fi mai da hankali ga arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda yawancin matasan da zancen ya shafa matan aure ne masu shekara 15 zuwa 24. Karanta amsoshin ba ya ɗauke wa kowa zuwa wurin ma'aikaciyar lafiya, domin jiki da jiki ya bambanta.

Mene ne tazarar haihuwa, kuma me ya raba ta da ƙayyade iyali?

Tazarar haihuwa ita ce mace ta huta tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, har jikinta ya dawo, jininta ya cika, yaron da ke hannunta ya yi ƙwari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake neman ciki, kuma wata 6 bayan ɓari. Ƙayyade iyali kuwa, yadda kunnen Bahaushe ke jin kalmar, shi ne a yanke adadi, a ce daga huɗu an rufe. Wannan kalma ta yi wa aikin illa shekaru da yawa, don mutane sun ɗauka ana so a rage su ne. Mace na iya yin tazara ta haifi 'ya'ya bakwai cikin ƙoshin lafiya.

Yarinyar da ba ta daɗe da aure ba, me za ta yi da tazara?

Ita ce ma ta fi kowa buƙata. Yarinya mai shekara 15 ko 16 ƙugunta bai gama buɗewa ba, kuma ita kanta jikinta na neman abincin girma. Idan ciki ya shiga, ta fi babbar mace fuskantar jijjiga, da ƙarancin jini, da haihuwar bakwaini, da doguwar naƙuda. Doguwar naƙudar nan ce uwar yoyon fitsari: kan jariri ya tokare kwana biyu ko uku, naman da ke tsakanin mafitsara da farji ya mutu, ya huje. Wanda ya taɓa shiga cibiyar yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina, ko ta Laure a asibitin Murtala na Kano, ko ta Danja kusa da Maraɗi, ya san shekarun yawancin waɗanda ke kwance a can, ya kuma san da yawansu mazan sun riga sun sake su.

Binciken lafiyar iyali na ƙasa da ake kira NDHS ya nuna a 2018 cewa kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Najeriya sun haihu ko suna da cikin fari. A arewa maso yamma kashi 29 ne, a jihar Bauchi 41, a Legas kuwa 1. Amma cikin matan aure masu waɗannan shekaru, waɗanda ke amfani da hanyar tazara ta zamani ba su kai 3 cikin 100 ba. A Nijar, binciken 2012 ya gano mata 76 cikin 100 sun yi aure kafin su cika 18.

A gaskiya jinkirta cikin fari abu ne mai wuya a ƙasar Hausa, domin wata uku da tarewa ido ya fara komawa kan cikin amarya. Inda aka fi samun dama shi ne tsakanin na fari da na biyu. Yarinyar da ta haihu a 17, idan ta huta zuwa 20, ta tsallake siraɗi mai yawa, kuma ɗan farinta ya tsira daga kwanika. Yaran da aka haifa ƙasa da shekara biyu bayan yayyensu sun fi mutuwa kafin shekara biyar da kusan ninki biyu.

Musulunci ya yarda da wannan?

Mafi yawan malamai sun halatta tazara ta ɗan lokaci idan miji da mata sun yarda kuma babu cutarwa. Hujjarsu ta farko ita ce azalu, wato miji ya zubar da maniyyi a waje. Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, ya ce sun kasance suna yin azalu alhali Alƙur'ani yana sauka, kuma hadisin na cikin Bukhari da Muslim. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, ya sharɗanta cewa ba a yi wa 'ya mace azalu sai da izininta. Ga kuma aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa.

Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa ya halatta ma'aurata su tsara tazara na wani lokaci bisa shawara da yardar juna, bai halatta a kashe haihuwa gaba ɗaya ba sai da lalura, kuma bai halatta hukuma ta kafa dokar iyakance yawan 'ya'ya ba. Inda malamai ke jan kunne shi ne niyya: kada a yi don munana zato ga Allah game da arziki. Yin hakan don lafiyar uwa, da shayar da yaro, da samun ikon tarbiyya, ba a cikin wannan yake ba. Ga Kiristoci, yawancin coci-coci sun yarda da hanyoyin zamani tsakanin ma'aurata, cocin Katolika kuwa ta tsaya kan hanyar lissafin kwanaki.

Kakanninmu ba su sha ƙwaya ba, yaya suka yi?

Sun yi tazara, kuma mai tsawo. Mace kan tafi goyon ciki gidansu, ta yi wankan jego, ta daɗe kafin ta koma. Ko ta koma, ana ganin abin kunya ne miji ya kusance ta tana shayarwa, don an yi imani nonon zai lalace yaro ya yi ta zawo. Yaye kuwa sai kusan shekara biyu. Matar da ta yi rurrutsa har waƙa ake yi mata a dandali. Yanzu ana gama arba'in mace ta koma ɗakinta, ango da amarya su kaɗai a gidan haya, babu kaka mai tsawatarwa. Al'adar da ke tsare uwa ta tafi, abin da zai maye gurbinta bai iso ko'ina ba. A wannan giɓi ne ƙananan mata ke faɗawa.

An ce kyauta ne a asibitin gwamnati. To me ya hana talaka samu?

Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocinta da na jihohi, kuma Nijar ma ta sa su cikin abubuwan da take bayarwa kyauta. Amma maganin kawai ake nufi. Akwai kuɗin acaɓa zuwa da dawowa, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Akwai kuɗin kati. A wurare da yawa za a ce ki sayo safar hannu, da auduga, da sirinji, da abin gwajin ciki, da allurar kashe zafi idan ashanar fata, wato ɗan siririn abin tazara da ake sa wa a ƙarƙashin fatar damtse, za a sa miki. Kowanne ƙaramin kuɗi ne a ido, amma amaryar da ba ta da sana'a, wadda ko kuɗin omo sai ta tambaya, ba ta da inda za ta ciro shi ba tare da an san me za ta yi ba.

Sai kuma matsalar ƙarewar kaya. Mace ta yi tattaki daga ƙauye a ce allura ta ƙare, ta dawo mako mai zuwa. Kafin ta sake samun izini da kuɗin mota lokacin allurarta ya wuce, ciki ya shiga. Yawancin kayan nan da tallafin ƙasashen waje ake sayo su, kuma da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje, USAID, a 2025 lamarin ya ƙara tsananta. A sassan Zamfara, Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka addaba, ƙananan asibitoci da dama sun zama kufai, ma'aikatan sun gudu.

Sakamakon a fili yake a binciken 2018: a gidajen da suka fi talauci matan aure 4 cikin 100 ne ke amfani da hanyar zamani, a gidajen masu hali 22.

Ai talaka ne ya kamata ya fi kowa son tazara. Me ya sa shi ne ya fi haihuwa?

Wannan tambaya 'yan boko ke yawan yi, wani lokaci da raini a ciki, kamar talaka bai iya lissafi ba. Ya iya. Lissafinsa ne ya bambanta, kuma sai an fahimce shi kafin a yi masa magana.

Manomin da ba shi da fansho, ba inshorar lafiya, ba tarakta, 'ya'yansa ne jarinsa: su ne hannun noma, su ne masu kiwo da talla, su ne za su riƙe shi in ƙarfi ya ƙare. Sa'an nan ya ga mutuwar yara da idonsa. A arewa maso yamma, binciken 2018 ya nuna yara 187 cikin 1,000 ba sa kaiwa shekara biyar, kusan ɗaya cikin biyar ke nan, alhali a kudu maso yamma 62 ne. Uwar da ta binne biyu, ka ce mata ta dakata, za ta dube ka ne kawai. Kuma renon yaro ba ya yi masa tsada a ido idan ba makarantar kuɗi za a kai shi ba. A kan ce bakin da Allah Ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ita kuma yarinyar da aka cire daga aji uku na firamare, ba ta da wata hanyar samun daraja a gidan miji da ta wuce haihuwa. Ranar suna ce kaɗai ranar da ake yi mata ɗinki, a tara mata jama'a, a ba ta kuɗi a hannu.

Abin da ke sosa rai shi ne kwanika na ƙara yawan mutuwar yaran da ake haihuwa da yawa don gudun mutuwarsu. An yaye yaro da wuri saboda ciki, tamowa ta kama shi, uwar ba ta da ƙarfin jinyarsa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da yawa a Najeriya, miliyan 86 daga cikinsu a arewa. Duk shirin tazarar da ya zo wa waɗannan mutane da ƙwaya kawai, ba rigakafin yara, ba makarantar 'ya mace, ba jarin sana'a, ba zai yi nisa ba.

Wa ke da ta cewa a kan wannan a cikin gida?

Ba yarinyar ba, galibi. Miji ne ke ba da izinin fita da kuɗin mota. Amma shi ma in matashi ne a gidan gandu, maganar mahaifiyarsa ta fi tasa nauyi, kuma Inna na ɗokin jikoki, musamman in ɗan nata ne babba. Ga 'yan uwan miji mata masu habaici: "An shekara biyu shiru, ko dai an sha wani abu ne?" Idan akwai kishiya, abin ya zama gasa, domin yawan 'ya'ya ne ke nuna rabon ɗaki a gado da kuma wadda ta kafu a gidan. Amarya na tsoron in ta huta a yi mata kishiya. Uwargida na tsoron in ta huta amarya ta wuce ta.

Har a wajen gida akwai ido. Asibitin unguwa kowa ya san kowa, ranar tazara daban take da ranar awo, wadda aka gani a wannan layi kafin ta iso gida labari ya riga ta. Shi ya sa mata da yawa suka fi so a haɗa tazara da ranar rigakafin yara, su shiga da goyonsu su fito ba wanda ya san me aka yi.

Yaya zan tayar wa maigida da zancen ba tare da ya ɗauka wani abu ba?

Zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba baƙi, ba rigima. Ki fara da abin da ya gani da idonsa: wahalar naƙudar da kika sha, jinin da aka ƙara miki da kuɗin da ya kashe, ramar yaro. Ki ce hutu kike nema na shekara biyu don ki shayar da ɗansa, ki guji kalmar hana haihuwa. Ki roƙe shi ku je tare ya ji daga bakin ma'aikaciya, ko ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Hujjojin suna cikin amsar da ta gabata kan Musulunci. Maza da yawa ba ƙi suke yi ba, kunya ce ta hana su farawa, kowa na jiran ɗan'uwansa.

Wasu matan kan yi a ɓoye. Ƙa'idar ma'aikatar lafiya ba ta wajabta sa hannun miji kafin a ba mace ƙwaya ko allura ba, ko da yake ma'aikata da dama na neman hakan don gudun rigima. Ba za a zargi matar da likita ya ce wani ciki kusa-kusa na iya kashe ta ba. Amma ɓoyo na da nasa haɗari: in jini ya rikice ba ta da wanda za ta gaya wa, in asiri ya tonu aure na iya girgiza. Kafin a kai nan, a gwada shigar da wani babba da mijin ke jin nauyinsa.

Waɗanne hanyoyi ake da su, kuma wacce ta dace da matashiya?

Akwai ƙwaya da ake sha kullum a lokaci ɗaya, iri biyu: mai sinadari biyu, da mai sinadari ɗaya wadda ta dace da mai shayarwa. Akwai allura ta wata biyu, Noristerat, da ta wata uku, Depo, da kuma Sayana Press wadda ake koya wa mace ta yi wa kanta a gida, abin da ke rage zirga-zirga. Akwai ashanar fata da ake sa wa a damtse: Implanon shekara 3, Jadelle shekara 5. Akwai robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ba ta da sinadari kuma takan kai shekara 10 ko fiye. Sai kwaroron roba, shi kaɗai ne ke kare ciki da cututtukan saduwa a lokaci guda.

Cikin mata 100 a shekara guda, yadda mutane ke amfani da su a zahiri da mantuwa da komai, ƙasa da 1 ke yin ciki da ashana ko robar mahaifa, kimanin 4 da allura, 7 da ƙwaya, 13 da kwaroron roba, 20 da azalu. Ƙarancin shekaru kaɗai ba ya hana mace ɗaya daga cikinsu. Abin da ke hanawa shi ne lalura: mai hawan jini ko matsanancin ciwon ɓarin kai, ko mai sabon jego, ba a ba ta ƙwaya mai sinadari biyu. A Najeriya tun 2014 aka ba ma'aikatan lafiya na matakin farko damar sa ashana bayan horo, don haka ba sai an je babban asibiti ba.

Gaskiya ne allura na kashe mahaifa, mace ta daina haihuwa har abada?

Ba gaskiya ba ne, amma jita-jitar tana da tushe, kuma rashin bayani ne ya raya ta. Bayan daina allurar wata uku haihuwa kan yi jinkirin dawowa: a matsakaici ciki na shiga ne kimanin wata 10 bayan allurar ƙarshe, wasu har su haura shekara. Matar da ba a gaya mata haka ba, in ta ga wata takwas shiru, dangin miji sun fara magana, dole ta ce allura ta cuce ta. Ashana, robar mahaifa da ƙwaya kuwa, ana dainawa haihuwa ke dawowa. Wadda ke son ɗan gajeren hutu, ko ba ta taɓa haihuwa ba kuma ido na kanta, ta faɗa wa ma'aikaciya tun farko don a zaɓa mata abin da ba ya jinkiri. Abin da ya fi toshe mahaifar mata shi ne ciwon sanyin da ba a yi maganinsa ba, da zubar da ciki a hannun wanda bai iya ba.

Tun da aka sa mini ashana jinina ya rikice. Yaya zan yi da salla da azumi?

Wannan ne babban dalilin da ke sa mata cire ashana ko daina allura, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga Musulma. Ɗigon jini na mako uku na nufin shakka a kan salla, da azumi, da karatun Alƙur'ani, da kwanan miji, musamman mai kishiya. Ta fuskar lafiya, ɗigo ko ɗaukewar al'ada gaba ɗaya ba cuta ba ne, kuma jinin ba taruwa yake yi a ciki ba. Bangon mahaifa ne bai yi kauri ba, don haka babu abin zubarwa. Yakan lafa bayan watannin farko, kuma akwai magungunan da ake bayarwa don tsayar da shi. In jinin ya yi yawa har kina jiri, ko da ciwon mara mai tsanani ko zazzaɓi, ki koma asibiti ranar.

Ta fuskar fiƙihu, a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15. Mai al'ada sananniya tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon kwanakinta, matuƙar ba su haura 15 ba. Abin da ya biyo baya jinin istihala ne, ta yi wanka ta ci gaba da salla da azumi, kuma ta halatta ga mijinta. Jinin da ke zuwa yana ɗaukewa yana da nasa lissafin, don haka ki rubuta kwanakin ki kai wa malamar Islamiyya. Da ma'aikatan asibiti na haɗa wannan bayani da nasu, da mata da yawa ba su cire ashana a wata na biyu ba.

Ina shayarwa, kuma al'adata ba ta dawo ba. Ai ba zan yi ciki ba ko?

Shayarwa na karewa sosai, amma da sharuɗɗa uku a haɗe: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ruwa ba koko, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi. Tun da a gidajenmu ana ba jariri ruwa tun makon farko, kada ki dogara da ita kaɗai. Ki sani kuma ƙwai na fita kafin jinin farko ya bayyana, shi ya sa mace kan yi ciki ba ta ga al'ada ba.

Ba makircin Turawa ba ne don a rage yawan Musulmi?

Ba a raina mai wannan tambaya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Wannan tabo ne ya taimaka wa jita-jitar 2003 cewa rigakafin shan inna na ɗauke da maganin hana haihuwa, har aka dakatar da shi a Kano kusan shekara guda, cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe.

Amma a duba: waɗannan ƙwayoyi da allurai su ne matan Turai da Amurka ke amfani da su shekaru da dama. Indonesiya, Bangladesh, Masar, Maroko da Iran duk ƙasashen Musulmi ne, kuma fiye da rabin matan aurensu na yin tazara. A nan gida ma, matan likitoci, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata na yi a asibitocin kuɗi ba tare da hayaniya ba. Wadda aka bari da tsoron ita ce 'yar talaka.

Na je asibiti sai sista ta ce na yi ƙanƙanta, in bari sai na haifi uku. Me zan yi?

Ra'ayinta ne ta faɗa, ba ƙa'idar aiki ba. Wasu ma'aikatan sun taso da irin tsoron da ke cikin al'umma, wasu kuma gajiya ce, mutum ɗaya a kan awo da haihuwa da rigakafi. Ki nemi ganin shugabar sashen, ko ki gwada wani asibitin, ko ki jira ranar da masu zagayawa irin su MSI, ƙungiya mai aikin tazarar haihuwa, ke zuwa yankinku. Kemis na iya sayar miki da kwaroron roba da ci gaban ƙwayar da aka riga aka ɗora ki a kai, amma kada ki fara sabuwar hanya a can ba a auna jininki ba, kuma ki duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa.

Wanda bai yi aure ba fa?

Addini da al'ada sun haɗu a kan kamun kai har aure, kuma shi ne kariyar da babu kuskure a cikinta. Amma duk ungozoma da ma'aikaciyar ɗakin haihuwa ta san ana kawo 'yan mata cikin dare jini na zuba, bayan an sha haɗe-haɗe ko an je wurin wani a lungu. Da yawansu 'yan talla ne, ko 'yan aikatau, ko 'yan sansanin gudun hijira, waɗanda yunwa ko wani babba mai iko a kansu ya kai su ga haka. Dokar Najeriya ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, amma duk wadda ta zo da zubar jini haƙƙinta ne a yi mata magani a rufa mata asiri.

Wadda aka yi wa fyaɗe a kai ta asibiti nan take. Akwai ƙwayar gaggawa irin Postinor-2 da ke hana ciki shiga, wadda ta fi aiki cikin awa 72 kuma ba ta zubar da cikin da ya riga ya zauna. Akwai kuma maganin kariya daga cutar ƙanjamau, shi ma cikin awa 72. Jinkirin da iyaye ke yi don gudun abin kunya shi ke cinye waɗannan awanni.

Hanyoyin gargajiya irin su zurma da guru fa?

Guru da laya ba sa hana ciki. 'Ya'yan zurma da wasu ke haɗiya suna ɗauke da guba mai ƙarfi, kuma ba wanda ya san adadin da jiki zai ɗauka. Shan kanwa, ruwan gishiri ko kafso bayan saduwa ba ya hana komai, sai dai ya taɓa ƙoda ko ya lalata hanji.

Akwai inda aka gwada wani abu ya yi aiki?

A yankin Damagaram na Nijar, tun wajen 2008, an kafa makarantar mazaje da tallafin UNFPA, asusun kula da yawan al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya: ana zaɓo magidanta masu mutunci su riƙa zama da ma'aikatan lafiya da malamai, su kai maganar awo, haihuwa a asibiti da tazara majalisu da masallatai. Shirin ya bazu a faɗin ƙasar har maƙwabta suka ara, domin ya gane inda izini yake. A Najeriya, shirin Matasa Matan Arewa na ƙungiyar kula da lafiyar iyali ta SFH na tara ƙananan matan aure ƙarƙashin wata babbar mace, a koya musu sana'a da abinci mai gina jiki da renon yara, tazara ta shigo a cikin zancen kula da iyali, kuma da sanin mazajen. A Zariya, Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta nuna cewa in aka riƙe yarinya a makaranta da taimakon ƙungiyoyin karatu na unguwa, aurenta kan jinkirta da yardar iyayenta.

Ana motsawa, ko da a hankali: tsakanin binciken 2018 da na 2023 zuwa 2024, matan aure masu amfani da hanyar zamani a Najeriya sun tashi daga kashi 12 zuwa 15. Amma kusan ɗaya cikin biyar har yanzu na cewa suna son hutu ba su samu hanya ba.

Na yanke shawarar zuwa. Me zan tambaya a can?

Ki tafi da katin awo ko na rigakafin yaro, ki san ranar da kika ga al'ada ta ƙarshe. Ki faɗi tsawon hutun da kike so, ko kina shayarwa, da duk wata lalura ko maganin da kike sha, musamman na farfaɗiya ko tarin fuka, don suna rage ƙarfin ƙwaya da ashana. Ki sa a auna jininki. Sa'an nan ki tambaya: me zai faru da al'adata, kwana nawa kafin ya fara aiki, me zan yi in na manta ko na makara, wace alama ce za ta sa in dawo da gaggawa? In ashana ko robar mahaifa ce, ki tambayi wanda zai cire miki, a ina, kuma nawa, domin kina da ikon cirewa duk ranar da kika so ko lokacinta bai cika ba. A rubuta miki ranar dawowa a kati, ki kuma karɓi lambar wayar ma'aikaciyar, ki kira kafin ki kashe kuɗin mota ki tabbatar akwai kaya.